Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan 'Yan Takarar Majalisar Jiha Da Halin Asibitin Mazaɓarmu

Daga Kwamitin Raya Mazaɓa, tare da tsofaffin ma'aikatan lafiya, ungozomomin unguwanni da direbobin tasha.

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, ta hannun Dagaci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, muna fatan kana lafiya tare da iyali da fadawa. Allah ya ja zamaninka.

Kakar siyasa ta kawo jiki. Nan da ɗan lokaci masu neman kujerar Majalisar Dokokin Jihar Kano za su fara sallama a ƙofar fada, kowa da tawagarsa, don neman tabarraki. Roƙonmu shi ne ka tara mana su gaba ɗaya a rana guda kafin zaɓe, kowannensu ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya taɓa yi wa jama'a, sannan ya bayyana abin da zai sa a gaba kan harkar lafiya, a rubuta, ya sa hannu. Mun san sarauta uwa ce ga kowa, ba ta da jam'iyya, kuma ba mu nemi ka ɗaga hannun wani ba. Inuwarka muke nema, domin a gabanka ne kaɗai ɗan takara zai yi magana yana tauna ta.

Mun kawo maganar nan fada ne saboda mun ga abin da fada ta iya. Lokacin da rigakafin shan inna ya cije a arewa, sai da sarakuna da hakimai da masu unguwanni suka shiga ciki kafin ƙofofi su buɗe, Kano ta rabu da ainihin ƙwayar cutar tun 2014, aka kuma wanke Afirka baki ɗaya a watan Agusta na 2020.

Da farko ya kamata jama'a su san aikin kujerar da ake nema, don kada a yi mana alkawarin abin da ba a hannun mai ita yake ba. Ɗan majalisar jiha ba ya ɗaukar ma'aikaci, ba ya tura ungozoma ƙauye, ba ya sayo magani. Aikinsa uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda aka kashe abin da aka amince da shi. Na ukun ne aka fi sakaci da shi. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, kuma 'yan siyasa sun haddace wannan adadi. Amma warewa a takarda daban, sakin kuɗin daban. Duk ɗan takarar da ya ce zai sa a ƙara kason lafiya, a tambaye shi nawa aka saki daga cikin abin da aka ware bara, kuma a ina mutum zai ga wannan lissafi. Wanda ya san amsar ya san aikin.

Game da asalinsu, tsarin mulki bai nemi da yawa ba: shekara 25, karatun sakandare, da jam'iyyar da ta tsayar da mutum. Takardun da kowa ya miƙa wa hukumar zaɓe akan liƙa su a bainar jama'a, za mu je mu karanta. Abin da ba ya cikin takardun shi muke so mu ji daga bakinsu. Wace sana'a yake yi, kuma da me yake ci da iyalinsa kafin siyasa? Ya taɓa riƙe kuɗin jama'a, ko da na ƙungiya ne ko na masallaci, kuma ya ba da lissafi da ya sauka? Yaushe rabonsa da shiga asibitin mazaɓar nan, kuma ya taɓa zuwa da dare? A ina matansa suke awo, a ina suke haihuwa? Wannan tambaya ba cin fuska ba ce, mai neman wakiltar mutane ya dace ya san inda matansu suke kwanciya. In kuma wanda ke kan kujerar ne yake neman komawa, ya kawo jerin kwamitocin da ya zauna a ciki, da ƙudirin da ya gabatar kan lafiya, da inda kuɗin aikin mazaɓa suka tafi. Ba dole ne ɗan takara ya zama likita ba. Akwai likitan da bai san yadda kuɗi ke tafiya daga ma'aikata zuwa asibitin ƙauye ba, akwai ɗan kasuwar da ya sani.

Yanzu ga abin da muke so su sa a gaba, kuma shi ne zuciyar wannan koke: asibitin mazaɓa ya riƙa aiki dare da rana. Naƙuda ba ta jiran gari ya waye.

Lissafin da ma'aikatan lafiya ke tsara aiki da shi mai sauƙi ne. A cikin kowane mutum 10,000 ana sa ran masu ciki kusan 500 a shekara da jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya kusan 400. A cikin masu ciki 100, wajen 15 za su gamu da matsalar da ke buƙatar ƙwararriya nan take, wato mata 75 ke nan a kowane mutum 10,000, kuma babu mai iya nuna su tun da wuri ya ce ga su. Mako yana da awa 168, ma'aikaci kuma yana aikin awa 40. In aka raba za a ga ana buƙatar aƙalla ungozoma huɗu kafin a rufe kowane juyi, shi ya sa ma'aunin hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa ya ce huɗu, haka ma shirin tura ungozomomi karkara na 2009 ya riƙa kai huɗu-huɗu. Inda aka bar mace ɗaya, za ta yi awo da safe, ta karɓi haihuwa da rana, da magariba ta kulle ta tafi, kuma babu mai ganin laifinta. Abin da ke sa waɗanda aka turo su neman a mayar da su birni sananne ne: babu gidan kwana a harabar asibiti, babu katanga da mai gadi, babu ruwa, kuma kuɗin aikin karkara ba ya zuwa a kan kari. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne a ɗauki 'yan matanmu da suka gama sakandare da sakamako mai kyau a kimiyya, a biya musu karatun ungozoma da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida na wasu shekaru, a kuma tanadi gurbin ɗaukarsu a kasafi tun kafin su gama. Yau akwai masu takardar shaida da ke aikin sa kai shekara da shekaru babu albashi. Muna so kowane ɗan takara ya faɗi abin da zai yi da su.

Ungozoma kuma ba ta aiki da hannu kawai. Abin da ya fi kashe mata a haihuwa shi ne zubar jini, kuma kayan tare shi ba su da tsada. Allurar oksitosin, awo 10 a cinya cikin minti ɗaya da fitowar jariri, ita ce ke sa mahaifa ta tsuke. Matsalarta zafi: dole ta zauna a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta yi watanni a kan kanta a zafin bazara za ta yi kyau a ido amma ƙarfinta ya ragu, sai a yi wa mace ita jini ya ƙi tsayawa, a ce ƙaddara. An yarda a ajiye ta a firjin rigakafi muddin an ware ta da alama a fili. Inda babu sanyi akwai ƙwayar misofurostol, guda uku a sha bayan haihuwa, ita kuma danshi ne ke lalata ta, ba a ɓare ta daga ledarta sai za a sha. Ido ba ya auna jini daidai, zani da katifa suna shanye shi, shi ya sa ake shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa. Da jini ya kai rabin lita sai a haɗa komai a lokaci guda: murza mahaifa, oksitosin, allurar tiranekzamik mai tsayar da jini giram ɗaya cikin awa uku na farko, ƙarin ruwa, da duba ko akwai yagewa ko sauran mabiyiya. Binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda masana daga Jami'ar Bayero suke ciki, aka fitar a 2023, ya nuna wannan tsari ya rage mummunan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Ledar nan sau ɗaya ake amfani da ita, don haka sai an sa ta a jerin kayan da ake saye duk wata.

Na biyu jijjiga. Ana gano mai haɗarinta tun a wurin awo in akwai na'urar gwada hawan jini mai aiki da tsinken gwada fitsari. Hawan jini 140 bisa 90 tare da sinadarin furotin a fitsari alama ce, in ya kai 160 bisa 110 ko ga ciwon kai da gani dishi-dishi, to an shiga gaggawa. Maganinta magnesiyam salfet, giram 14 a karon farko: 4 ta jijiya a hankali, 5 a kowane ɗuwawu, sannan a tura ta babban asibiti. Abin da ke faruwa a ƙananan asibitoci shi ne ko babu maganin, ko akwai shi amma ma'aikaciya tana tsoron ba da shi saboda ba ta samu horo ba kuma babu makarinsa, kalsiyam gulukonet, a kusa. Sai a ɗora mace a mota tana jijjiga a hanya. Horon kwana biyu zuwa uku a wurin aiki yana kawar da wannan tsoro.

Duk wannan yana tsaye ne a kan wuta da ruwa. Ana sa sola a yi bikin buɗewa, bayan shekara biyu ta mutu, a koma karɓar haihuwa da fitilar waya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ƙurar hunturu ta rufe faifan ba mai gogewa, batiri mai ruwa ya bushe ba a ƙara masa ruwan batir ba, an jona dutsen guga ko abin dafa ruwa, ko kuma tun farko ba a sa kuɗin canza batiri a lissafi ba. Muna so duk kwangilar sola ta zo da yarjejeniyar gyara a rubuce da sunan wanda za a kira. Firjin rigakafi ya zama irin wanda ke aiki kai tsaye da rana babu batiri, a kan faifansa shi kaɗai. Ruwa kuma rijiyar burtsatse da tanki a sama da famfo har cikin ɗakin haihuwa, tare da ramin binne mabiyiya da wurin ƙona allurai.

Akwai abin da asibitin mazaɓa ba zai iya ba komai kyansa: tiyata da ƙarin jini. Doguwar naƙuda da ta wuce awa 12 ba ta ci gaba, ita ce ke kawo fashewar mahaifa da yoyon fitsari. Nan ne maganar mota ta shigo. Kusan kowane ɗan takara yana alkawarin motar asibiti, kuma mun ga yadda irin waɗannan motoci ke ƙarewa a kan duwatsu saboda babu kuɗin mai, babu taya, direba kuma ba ya kwana a gari. Tsarin da ya fi aiki a arewa shi ne na direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar su riƙa ɗaukar mai naƙuda kowane lokaci, a biya su kuɗin mai kawai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 wannan kuɗi ya fi ƙarfin magidanta da dama, direba kuma ba zai yi ta yi daga aljihunsa ba. A kafa ƙaramin asusu a hannun kwamiti, a biya direba da zarar ya kawo takardar shaida daga asibitin da ya kai mace. A babban asibitin kuma a tabbatar akwai firjin ajiye jini mai wuta ba yankewa, domin jini yana zama ne tsakanin digiri 2 zuwa 6, kuma bai wuce kwana 35. Mu a namu ɓangaren za mu haɗa sunayen matasa masu ba da jini, kowa da rukuninsa da lambar wayarsa. Gwamnatin tarayya ta sanar a watan Nuwamba na 2024 cewa tiyatar haihuwa kyauta ce ga mata marasa ƙarfi. Ɗan takara ya gaya mana wane asibiti mafi kusa da mu ne ke cikin tsarin.

Rigakafin yara ba sai mun tsawaita ba, annobar mashaƙo da ta ɓarke tun ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki, ta isa darasi. Yawancin yaran da ta kama ba su samu allurar fenta mai kare yara daga cututtuka biyar har da mashaƙo ba, wadda ake yi sau uku a mako na 6 da na 10 da na 14. Ba kullum ƙin iyaye ne ke jawo haka ba. Kwalbar allurar BCG ta rigakafin tarin fuka ta yara 20 ce, ta ƙyanda ta yara 10, kuma da an haɗa su sai a zubar bayan awa shida. Ma'aikaci yana jin asarar buɗe kwalba saboda yara biyu, sai ya ce wa uwa ta dawo wani mako, ita kuma ta taho da ƙafa daga nesa, ba za ta dawo ba. Haka nan fenta tana lalacewa in ta daskare, don haka sanyin da ya wuce kima ma ɓarna ne, shi ya sa ake rubuta ma'aunin firji safe da yamma. Rugage da ƙauyukan nesa sai an bi su da babur, kuma kuɗin man babur ne abu na farko da ke ɓacewa.

Zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna zuwa tare da damina. Maganin kariya daga zazzaɓin da ake rabawa yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau huɗu daga Yuli zuwa Oktoba, na kwana uku ne: na farko a gaban mai rabo, na biyu da na uku uwa ce ke bayarwa, kuma nan ake samun giɓi. Yaron da dantsensa ya gaza santimita 11 da rabi yana buƙatar abincin tamowa na gyaɗa, kusan katan ɗaya mai ƙunshi 150 kafin ya warke. In aka ga wannan abinci a kasuwa, daga bakin wani yaro aka cire shi.

Sai kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wato BHCPF, da aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma wani kaso nasa yana shiga kai tsaye asusun bankin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa duk wata uku, da sa hannun shugaban asibiti da shugaban kwamitin mazaɓa. Kano tana da mazaɓun kansila 484. Jiha kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya KSCHMA, da asusun tallafa wa harkar lafiya KHETFUND, da hukumar samar da magunguna. Tsare-tsaren suna nan, abin da talaka ke buƙata shi ne ya ga lissafi. Muna so a liƙa a bangon asibiti abin da ya shigo da abin da aka kashe duk zango, da farashin kowane magani, da adadin marasa ƙarfi da aka yi wa rajistar kyauta da yadda aka zaɓe su. Asusun jujjuya magani, wanda ake sayar da magani a sake sayo wani da kuɗinsa, yana mutuwa ne ta hanya uku: ba da bashi ga masu faɗa a ji, cire kuɗin magani a yi wani aiki da shi, da sayen abin da ba ya tafiya har ya lalace a kanta. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli na 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ake ta muhawara kan wanda zai riƙe albashin ma'aikatan lafiya na matakin farko. Majalisar jiha tana da baki a wannan magana, don haka kowane ɗan takara ya faɗi matsayinsa.

Ranka ya daɗe, akwai abubuwan da muke roƙon kada a karɓa a matsayin amsa. Sabon gini, alhali wanda ke akwai babu ma'aikata. Duba marasa lafiya kyauta na yini ɗaya, inda ake ba mai hawan jini maganin mako biyu ga ciwon da ke buƙatar magani har ƙarshen rayuwa. Rabon kayan haihuwa mai hoton ɗan takara a jikin jaka. Ba mu raina alheri ba, sai dai wanda ya yi waɗannan bai amsa ko ɗaya daga tambayoyin da ke sama ba.

Ga yadda muke ganin zaman zai yiwu, in ka amince. A aika wa kowane ɗan takara gayyata iri ɗaya a rana ɗaya, tare da kwafin wannan takarda, aƙalla mako biyu kafin ranar. Kowa ya zo da mutum biyar kacal, babu kiɗa, babu fosta, babu 'yan jagaliya, a kuma sanar da baturen 'yan sanda. A jefa ƙuri'a kan wanda zai fara, kowa ya samu minti 20 na bayani da minti 20 na tambayoyi. A ware wa mata wuri da lasifika, domin su ne ke kwana a asibitin, kuma tambayoyi uku na farko su fito daga gare su. Magatakardan fada ya rubuta alkawarin kowa, a karanta masa ya sa hannu, Limamin Juma'a da Dagaci su shaida. Kwafi ɗaya ya zauna a fada, ɗaya a hannun kwamiti, ɗaya a bangon asibiti. Wanda Allah ya ba nasara ya dawo wannan wuri duk wata shida da takardun kasafi a hannunsa. Wanda bai amsa gayyata ba, a faɗi sunansa a wurin, kada a ƙara komai a kai.

Muna kuma roƙon ka umarci masu unguwanni su ci gaba da rubuta duk haihuwa da duk rasuwar mai ciki ko mai jego ko jariri, su miƙa wa asibiti a ƙarshen kowane wata, domin da wannan littafi za mu zauna da wanda ya ci zaɓe. A shirye muke mu zo fada mu yi ƙarin bayani duk ranar da ka sa mana.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Wassalamu alaikum.

Shugaban Kwamitin Raya Mazaɓa
Sakataren Kwamiti
Wakiliyar mata da ungozomomin unguwanni
Wakilin tsofaffin ma'aikatan lafiya
Wakilin direbobin tasha